Surfanin hannu, ɗinkin gicciye ko bargon haɗe-haɗe: wanne ya kamata ki fara?

Wata ƙanwata ce ta dame ni da tambaya kusan wata guda, wai tana so ta samu abin da za ta riƙa yi da hannunta da yamma maimakon latsa waya, amma ta rasa tsakanin surfani da haɗa bargo, yau ta ce wannan gobe ta ce wancan, har ta kusa sayo kayan duka biyun. Na ce mata dakata tukuna. Na daɗe ina yin duka, har da ɗinkin gicciye da yake kamar ɗan'uwan surfani, kuma abin da na lura da shi shi ne yawanci ba kyawun abu ke sa mutum ya dore da shi ba, irin lokacin da yake da shi ne da wurin zamansa da kuma yadda zuciyarsa ke ɗaukar kuskure. Toh ga abin da na faɗa mata, na ƙara faɗaɗa shi. Zan riƙa cewa "ki" saboda da ita na fara maganar, amma maza ma na yi kuma suna iyawa sosai.

Kafin mu shiga ɗaya bayan ɗaya, ga ma'aunin da zan bi. Na farko kuɗin farawa, wato abin da dole sai kin mallaka kafin ki soka allura karon farko, da kuma abin da zai riƙa cin kuɗi a hankali daga baya. Na biyu sauƙin koyo. Na uku wuri da lokaci, shin aikin zai bi ki duk inda kika je ko sai kin share masa tebur. Na huɗu ƙarko, abin da kika gama zai jure wanki da amfani ko na kallo ne kawai. Na biyar haɗari, kuma ba ciwon jiki kaɗai nake nufi ba, har da haɗarin ɓata aikin wata uku a rana ɗaya, da haɗarin gajiya a tura shi cikin akwati a manta.

Surfanin hannu

Nan ne kuɗin farawa ya fi ƙanƙanta. Allura, zare, ɗan ƙyallen auduga ko lilin, ƙaramin almakashi, sai zoben katako da ake ɗame ƙyallen a ciki, mai faɗin inci 6 ya ishe ki na dogon lokaci. Zaren da aka fi sani shi ne mai sili shida, irin na kamfanin DMC da ya faro tun 1746 a garin Mulhouse na Faransa, kowane ƙunshi mita 8 ne kuma kowace kala da lambarta, misali 310 baƙi ne 321 kuma ja, wannan lambar tana da amfani sosai domin idan zare ya ƙare miki a tsakiyar aiki za ki nemo daidai irinsa ba sai kin yi ta gwadawa da ido ba. Akwai zaren kamfanin Anchor ma, amma lambobinsu daban ne, kar ki haɗa. Ba a cika ɗinki da duka sili shidan ba, ana rabawa ne a ɗauki biyu ko uku, shi ya sa ƙunshi ɗaya ke daɗewa. Allura kuma ki tuna, duk sanda lamba ta ƙaru allurar na ƙara siranta ne, lamba 7 ko 8 ta dace da sili biyu zuwa uku.

Koyo fa? Gaskiya da ɗinki biyar za ki yi abubuwa masu yawa: na shiga-da-fita, na koma-baya, na sarƙa, na ciko mai santsi da ake jera zare kusa da kusa har ya rufe wuri, sai ƙullin Faransa da ake yin ƙwayar fure da shi. Ukun farko a zama ɗaya hannu zai kama. Cikon nan mai santsi shi ne ke ɗaukar lokaci kafin gefensa ya fito tsaf, ƙullin Faransa kuma sai kin koyi riƙe zaren da ɗayan hannun har allura ta gama wucewa, in ba haka ba ya warware ko ya cukurkuɗe. Abin da nake so da surfani shi ne yana yafiya, in ganye ya ɗan karkace ai ganye ne, ba wanda zai zo da rula ya auna, in kuma abin ya dame ki sai ki warware wurin kaɗai ki sake. Amma wannan 'yancin shi ne kuma wahalarsa ga wasu, domin ke za ki yanke inda allura za ta shiga da inda za ta fita, ke za ki zaɓi kala, akwai waɗanda wannan ke tsorata su sai su zauna da ƙyalle a hannu su kasa farawa.

Wuri kam ba ya ci, jaka ƙarama ta ɗauke komai, minti 15 ma in kika samu za ki ci gaba. Ƙarko ya danganta da irin ɗinkin da inda aka sa shi. Ki duba dogon ƙyallen nan na Bayeux da ke Faransa, kusan mita 70, zaren ulu ne aka yi surfaninsa a kan lilin a ƙarni na 11 yana ba da labarin yadda aka ci Ingila da yaƙi a 1066, har yau yana nan. Amma shi ba a wanke shi duk sati. In a kan riga ko rigar filo za ki yi, na sarƙa da na koma-baya sun fi jurewa, ciko mai dogon zare da ya wuce santimita 1 yana saurin maƙale abu ya zazzago. Haɗarinsa kuwa: ƙyalle ya tattare in kina jan zare da ƙarfi ko ba ki ɗame shi da kyau a zobe ba, zare mai araha ya zuba a wanki musamman ja da shuɗi mai duhu, sai kuma alkalamin zane. Wanda ruwa ke gogewa in kika yi guga a kansa kafin ki wanke zai iya zama daram, wanda zafi ke gogewa kuma yakan dawo idan aikin ya sha sanyi. Ki gwada a gefen ƙyalle tukuna. Jiki kuma ido da wuya ne ke biya, ki nemi haske mai kyau ki riƙa ɗaga kai.

Ɗinkin gicciye

Shi wannan ba zan daɗe a kansa ba domin abu ɗaya ne ake maimaitawa, zare biyu su gicciye juna a kan ƙyalle mai ramuka a jere da ake kira Aida. Ana ƙidaya ƙyallen da yawan gidaje a inci ɗaya, akwai 11, 14, 16 da 18, mai 14 shi ne na masu farawa, da allura mara tsini lamba 24. Kuɗinsa kusan ɗaya da surfani, sai dai zane mai kaloli da yawa zai sa ki sayi zare kala-kala. Sauƙi kam ba kamarsa, kina bin taswira ne gida-gida, ba sai kin iya zane ba, kuma aikin mai wata ɗaya da na mai shekara biyar ba su da nisa sosai a ido.

Inda yake kama mutane shi ne lissafi. Zanen da yake gida 140 a tsaye 140 a kwance zai fito inci 10 ne kacal a Aida mai 14, amma in a cike yake gicciye 19,600 kenan za ki yi. Mutane da yawa ba sa yin wannan lissafin kafin su fara, sai su ga wata shida ba su kai rabi ba. Kuma in kika yi kuskuren gida ɗaya ba ki lura ba, duk abin da kika ɗora a kai ya goce, sai warwara. Yawancinsa na sawa a firam ne a rataye, Aida ba ƙyallen da za a yi ta murzawa ba ne.

Bargon haɗe-haɗe

Toh nan ne maganar take da tsawo, domin mutane suna ganin hoton bargo mai kyau su ɗauka aiki ɗaya ne, alhali ayyuka huɗu ne a jere kuma kowanne da halinsa. Za ki yanka ƙyallaye ƙanana, ki haɗa su su zama fuska, ki shimfiɗa hawa uku wato fuskar da audugar tsakiya da shafin baya ki ɗinke su tare, sannan ki naɗe baki. Wanda ake kira kwiltin a asali shi ne na ukun nan, ɗinkin da ke ratsa hawa ukun ya riƙe su.

Kuɗin farawa ya fi na sauran nesa ba kusa ba in za ki bi hanyar zamani. Akwai wuƙa mai taya da kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, wadda ta canza aikin gaba ɗaya saboda tana yanka hawa da yawa a miƙe lokaci guda, mai milimita 45 aka fi amfani da ita, kuma ba ta aiki sai da tabarmar yanka da rula mai kauri da ake gani ta cikinta. Ga dutsen guga dole, ga fil masu yawa, ga keken ɗinki in kina son sauri. Sai babban mai cin kuɗin, yadi. Surfani ɗan tafin hannu yake buƙata, bargo kuwa mita-mita ne, gaba da baya da tsakiya, kuma akwai wata jaraba ta sayen yadi don kawai ya yi kyau ba tare da an san me za a yi da shi ba, duk mai wannan aikin ta san abin da nake nufi, ki sa wa kanki doka tun farko.

Amma kar wannan ya kore ki, domin asalin aikin ba na masu kuɗi ba ne. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama ta Amurka, da tsofaffin kayan aikin gona da ragowar ƙyallaye suka riƙa haɗa bargunansu don maganin sanyi, kuma a 2002 aka baje su a manyan gidajen adana zane na Houston da New York duniya ta tsaya kallo. Da almakashi da kwali da allura da tsofaffin riguna na auduga za ki iya, sai dai a hankali.

Wajen koyo, ɗinkin kansa ba wuya, miƙaƙƙen layi ne. Wuyar tana wajen awo. Ƙa'idar da kowa ke bi ita ce a bar kwata na inci, kusan milimita 6, a bakin kowane ƙyalle, kuma dole ya zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ki ɗauka kowane haɗi yana cinye miki milimita 2 fiye da kima, layin da ke da haɗi 12 zai gajarce da kusan santimita 2 da rabi, sai ki zo haɗa shi da na kusa da shi kusurwoyi su ƙi haɗuwa, kuma ƙyallen da aka yanka ba daidai ba ba ya dawowa. Shi ya sa nake cewa surfani na yafiya amma bargo yana riƙe abu a zuciya, kuskuren ranar farko sai ya fito miki a sati na uku. Ki fara da murabba'i zalla, ki bar masu kusurwa uku tukuna domin gefen da aka yanka a karkace yana miƙewa ya lalata awo. Bargon jariri mai santimita 90 da 120, in kowane gida zai ƙare a santimita 10, gida 108 ne, wannan ya isa aikin farko.

Wuri kuma yana ci. Yanka na son tebur, shimfiɗa hawa uku na son fili a ƙasa inda za ki durƙusa ki bi shi da fil mai makulli kusan duk bayan santimita 10 don kada ya zame, kuma ba aikin da za ki ɗauka na minti goma ba ne a matakin yanka da haɗawa, kafin ki fito da kaya ki jera lokacin ya ƙare. In kin kai matakin ɗinkin hannu na ƙarshe ne yake zama aikin kan cinya, da gajeriyar allura mai ƙarfi da hular yatsa ta ƙarfe, nan kam akwai daɗi wallahi, sai dai bargo ne a jikinki, lokacin zafi za ki ji shi.

Ƙarko shi ne inda ya doke kowa. Bargon da aka haɗa da auduga mai kyau aka ɗinke shi kusa da kusa zai yi shekaru ana lulluɓa ana wankewa, yana ƙara laushi ma, kuma in gida ɗaya ya yage sai a yi masa faci. Akwai wani da aka yi a tsibirin Sisili na Italiya a ƙarshen ƙarni na 14 da ke ajiye a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. Audugar tsakiya ma tana da tasiri, ta auduga zalla tana ɗan tsukewa a wankin farko sai bargon ya yi wannan 'yar yamutsar mai kyau, ta foliyesta ba nauyi kuma tana saurin bushewa amma wani lokaci gashinta na ɓullowa ta fuska, a yadi mai duhu abin yana fitowa fili, ta ulu kuma ɗumi da sauƙin soka allura amma ta fi tsada.

Haɗari biyu nake so ki riƙe. Wuƙar nan kaifinta kamar reza ne, ki saba rufe ta duk sanda kika ajiye ko da na daƙiƙa biyar ne, ki riƙa tura ta gaba ba wajen jikinki ba, in akwai yara a gida kuma ta zauna inda hannunsu ba ya kai. Na biyu zubar rini. Ni bargona na biyu fari da ja ne, wata huɗu ina kansa, ban jiƙa jan yadin na gani ba kafin na yanka, wankin farko fararen gidajen suka koma ruwan hoda, ranar na yi kuka sosai. Tun daga nan duk yadi mai duhu sai na jiƙa shi a ruwan ɗumi na goga a farin tsumma, in ya bar alama na wanke har ya daina ko na ajiye shi gefe.

Akwai hanyar tsakiya da ba a cika faɗa wa masu farawa ba, kuma ni ita na fi ba mutane shawara in sun kasa zaɓa. Ɗaya ita ce haɗin kwali irin na Ingila, ana yanka kwali mai kusurwa shida a naɗe ƙyalle a kansa a kama, sannan a haɗa su baki da baki da hannu, kwalin ne ke riƙe awo don haka matsalar milimita ta tafi, ba keke ba wuƙa, kuma yana shiga jaka kamar surfani, illarsa kawai jinkiri. Ɗayar kuma ɗinkin shiga-da-fita ne zalla a kan hawa-hawan ƙyalle, irin sashiko na Japan da ake yi da farin zare a kan shuɗin yadi don ƙarfafa tufafi, ko wanda ake kira "kanta" a yankin Bengal da ke Indiya da Bangladesh inda ake jera tsofaffin zannuwa a ɗinke su su zama mayafi. Ɗinki ɗaya tak za ki koya amma ki samu ado da abin amfani a tare.

Ga shi a taƙaice:

| Ma'auni | Surfani | Gicciye | Bargon haɗe-haɗe | Haɗin kwali |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | kaɗan | kaɗan | mai yawa | kaɗan |
| Kuɗin ci gaba | kaɗan | matsakaici | mai yawa | matsakaici |
| Koyo | matsakaici | mai sauƙi | sai an kula da awo | mai sauƙi |
| Wuri | jaka | jaka | tebur da fili | jaka, sai ƙarshe fili |
| Aikin farko | kwanaki | makonni | makonni zuwa watanni | watanni |
| Jure wanki | ya danganta | kaɗan | sosai | sosai |
| Babban haɗari | tattarewa, zuba | kuskuren ƙirga | yankan ganganci, zuba | gajiya a hanya |

Yanzu wa ya dace da wanne. In lokacinki gutsi-gutsi ne, ko kina da ƙananan yara, ko ɗakin ba fili, ki ɗauki surfani, kuma ki fara da abu ƙarami kamar fure ɗaya a hankici don ki ɗanɗana daɗin gamawa da wuri. Haka in kina son zane da wasa da kala, ko kina so ki raya tsohuwar riga ki rufe tabo da ado. In kuma hutun kai kike nema bayan aiki, ba kya son ki yi ta tunanin me zan sa a nan, gicciye ne naki, amma ki ƙirga gidajen zanen kafin ki saya, kar ya wuce 60 da 60 a karon farko. In kina da keke a gida, kina da teburin da za ki bar kaya a kai, kuma ke mai son awo ce da ganin kusurwa ta haɗu da kusurwa, sannan burinki ki yi abin da wani zai lulluɓa da shi shekara da shekaru, ki shiga bargo kai tsaye ba sai kin bi ta surfani ba, hannun da ake buƙata daban ne. In ido na ba ki matsala, bargo ko sashiko sun fi miki Aida mai ƙananan gidaje, in kuma gwiwa ko baya ne matsalar, shimfiɗa bargo a ƙasa zai wahalar da ke sai dai ki yi a kan tebur ko ki samu mai taya ki.

Ita ƙanwar tawa da na tambaye ta, ba ta da keke, ɗakinta ɗaya ne, amma abin da ke ranta shi ne bargo ba hoton bango ba, kuma tana da buhun tsofaffin riguna da ta ƙi zubarwa. Na yanka mata kwali guda bakwai masu kusurwa shida, ɗaya a tsakiya shida kewaye da shi fure ɗaya kenan, na ce in ta gama shi ta ji hannunta na neman na biyu ta ci gaba har ya zama bargo, in kuma ya ishe ta a nan ta yi masa shafi ya zama abin ɗora kofi, sannan ta zo na ba ta zobe da zare.